Jawabi Ga Makiyaya a Kan Matashin Karen Ruga Mai Faɗa da Baƙin Karnuka



Masu girma hakimai da arɗo-arɗo, dattawan ruga, iyayenmu mata, dillalai da fataken shanu, da ku samari masu bin garke, muna yi muku barka da zuwa. Mun gode da kuka baro dabbobinku da kasuwancinku kuka zo wannan zama. Allah ya saka da alheri.

Maganar da muka kawo muku yau, wani zai ji ta ya yi dariya, ya ce ashe saboda kare aka tara manyan mutane. To, a yi mana haƙuri a saurara. A cikin koke-koken da ke isowa ƙungiyarmu daga bakin rijiya da burtali da kara, akwai waɗanda in ka bi asalinsu sai ka tarar kare ne ya fara. Karen wane ya yayyaga na wane a mashaya, mai kare ya ɗaga sanda, ɗan'uwansa ya zaro takobi, kafin magariba magana ta kai gaban hakimi ko jandarma. Kuma mafi yawa ba tsohon kare ne ke jawo wannan ba. Matashi ne, wanda bai wuce shekara 1 ko 2 ba, wanda ba ya iya ganin baƙon kare sai ya afka masa.

Kowa a nan ya san amfanin kare a ruga. Shi ne ke jin motsin dila da kura tun kafin mu farka, shi ne ke tsayawa tsakanin ɓarawo da ƴan maruƙa a dangwali. Malamanmu sun gaya mana addini ya halatta ajiye kare don kiwo da tsaron gona da farauta. Karen ƙasarmu kuma ba abin rainawa ba ne. Dogon karen nan mai siririn ciki na Azawak, wanda Buzaye ke kira oska, tun wajen shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, yau da sunan kwarin Azawak aka san shi a duniya. Saboda haka ba mu zo mu ce ku rabu da karnukanku ba. Mun zo mu yi shawara yadda za su tsare mana dukiya ba tare da sun jawo mana shari'a ko cuta ba.

Bari mu fara da dalilin faɗan.

Masu ilimin dabbobi sun gano cewa kwikwiyo yana da lokacin sabo, daga mako 3 da haihuwa zuwa wajen mako 12 ko 14. Abin da ya gani a cikin waɗannan makonni, ya shaƙa, ya yi wasa da shi lafiya, shi zai ɗauka na gida har tsufansa. Abin da bai gani ba kuwa, zai taso yana ɗari-ɗari da shi. Ku duba yadda kwikwiyon ruga ke tasowa. An haife shi a mashekari, nesa da gari, ba ya ganin kowa sai uwarsa da shanu da yaran gida. Wani ma tun bai kai wata ɗaya ba an raba shi da uwa an ba wani kyauta. Alhali a wajen uwa da ƴan'uwansa yake koyon ladabin karnuka: yadda ake cizon wasa ba a huda fata ba, yadda ake sunkuyar da kai a ba babba wuri, yadda ake gane wanda ya zo da lumana. Wanda bai koyi wannan ba, ranar da ya fara ganin baƙon kare a tabki ba abin da zai zo masa sai tsoro. Da yawa daga cikin karnukan da muke yabo da jarumta, tsoro ne ke sa su riga kai hari.

Dalili na biyu balaga ce. Daga wata 6 zuwa shekara 1 kare ke balaga, amma hankalinsa ba ya zama sai ya kai shekara 2, wani har 3. A tsakanin nan yana kamar ɗan bijimin da ƙahonsa ya fara ƙarfi, kowa ya gani sai ya gwada. Faɗan ya fi yawa tsakanin namiji da namiji, ko mace da mace. In kuma akwai karyar da ke neman barbara a kusa, to maza daga ruga uku ko huɗu za su taru, kuma sai an zubar da jini.

Na uku yunwa. Karen da ba a ba shi komai sai abin da ya tsinta, duk ƙashin da ya gani a bakin kwata ko mushen da ya tarar a hanya, zai kare shi da haƙoransa. Na huɗu ciwo. Kaska a cikin kunne, gyambon da ƙuda ke ci a bakin kunne, ƙaya a dagi, haƙorin da ya karye, duk suna sa kare mai sanyi ya zama mafaɗaci. Na biyar kuwa hannun mutane ne. Akwai samarin da in sun haɗu a mashaya sukan zuga karnukansu su kama da juna don a ga na wa ya fi. Akwai masu ɗaure kwikwiyo shi kaɗai, su hana shi abinci, wai don ya yi zafi. Karen da aka tayar haka, an koya masa cewa kowane baƙo abokin gaba ne.

Mun san abin da wasu dattawa za su ce: in muka sanyaya shi, wa zai kori kura? Tambaya ce mai kyau. Amma ku tuna da karnukan kirki da kuka taɓa riƙewa. Kare mai tsaro na ƙwarai yana zama kusa da garke, ya yi haushi ya tashe mu, ya tsaya tsakanin dabba da abin da ya zo. Wanda ke barin garke ya bi baƙon kare har cikin gari, ai a wannan lokacin ya bar shanu ba mai gadi. In ya dawo da ƙafa a karye ko wuya a yage, sati biyu ko uku yana kwance. Tsaron ruga da dare aiki ne dabam, wucewa ta burtali da rana aiki ne dabam, kuma kare yana iya koyon bambancin in an koya masa.

To, me za a yi? Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ga wanda kwikwiyonsa bai girma ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A bar kwikwiyo da uwarsa har ya cika mako 8. Kafin ya kai wata 3, a bar shi ya sadu da manyan karnuka masu sanyin hali, na dangi ko na maƙwabta, waɗanda aka san lafiyarsu kuma an yi musu allura. Ya ga jaki da raƙumi da amalanke, ya ga mutane masu rawani da marasa rawani. Ba a jefa shi cikin taron karnukan kasuwa, domin in aka cije shi a wannan ƙuruciya tsoron zai zauna masa. Ɗaya-ɗaya, a hankali, da babba a tsaye.

Na biyu, ga wanda karensa ya riga ya fara faɗa. Kafin komai a duba jikinsa, kunne da baki da dagi da ƙarƙashin wutsiya. In da kaska a cire, in da gyambo a nemi likitan dabbobi ko mataimakansa masu zagayawa. A ba shi abinci kullum, ko tuwon dusa ne da tsala, a wuri ɗaya, shi kaɗai, ba a haɗa shi ƙwarya ɗaya da wani kare ba.

Na uku, a hana shi maimaitawa. Duk ranar da ya kori wani kare ya ga ya gudu, ya ƙara koyon cewa faɗa na biya. Saboda haka a samo masa igiya mai tsawo da abin wuya mai faɗi wanda ba ya shaƙewa. In za a shiga rijiya, a ɗaure shi a inuwa nesa da kwami, a kai masa ruwansa can. In za a ratsa gari ko gefen gonaki, yana hannun babba. Kada a ba ƙaramin yaro igiyar. Kasuwa kuwa, ko Abalak ce ko Dakoro ko Badagishiri ko Tanut, ba wurin matashin kare ba ne. A bar shi a ruga.

Na huɗu, a koyi karanta jikinsa. Kare ba ya cizo haka kawai sai ya yi gargaɗi. Zai tsaya cik, ya kafe ido, gashin bayansa ya miƙe, wutsiya ta sandare sama, sannan gurnani ya biyo. Mai tsoro kuma zai maƙale wutsiya, ya kwantar da kunne, yana lasar baki yana kau da kai. Da kun ga ya ƙame, lokacin ne za a kira shi a juya da shi, tun bai yi tsalle ba. Kuma kada a doke shi don ya yi gurnani. Gurnani sanarwa ce. Karen da aka hana gurnani da sanda, gobe zai yi cizo ba sanarwa.

Na biyar, horon nesa, kuma shi ne gishirin maganar. Ku nemi wani ɗan'uwa mai tsohon kare natsattse, in naku namiji ne gara a samo mace. Ku haɗu a fili, ba a rugarku ba, ba a tasa ba. Ku tsaya nesa, inda karenku yana hango wancan amma bai tashi hankali ba. Ma'aunin yana da sauƙi: in ka miƙa masa ɗan ƙanzo ko gutsuren cuku ya karɓa ya ci, nisan ya yi. In ya ƙi ci yana ja da igiya, kun matso da yawa, ku koma baya. Duk lokacin da ya dubi wancan karen ya yi shiru, ka kira sunansa ka ba shi loma. Ɗan lokaci kaɗan ya isa, kamar tatsar saniya ɗaya ko biyu, sai a watse. Gobe a sake. In kwana biyu ko uku sun wuce lafiya, a rage nisan da taku kaɗan. Daga nan sai a yi tafiya tare, a nufi gaba ɗaya, kowa da igiyarsa, da fili a tsakani. Kada a kawo su baki da baki, domin a wajen kare tunkarar juna kai tsaye neman faɗa ne. Igiya kuma ta zama sake-sake, don in ka ɗaure ta tamau kana gaya masa kai ma ka tsorata. In ya saba da kare ɗaya, a nemo na biyu, a sake daga nesa. Wannan aiki na makonni ne, wani lokaci watanni. Sannu ba ta hana zuwa.

Na shida, sanda. Mu makiyaya sanda ce abokiyar tafiyarmu, amma a wannan wuri ba ta gyara. In kare ya ga baƙo ya ji duka, gobe ya ga baƙo ya sake jin duka, abin da zai riƙe shi ne ganin baƙon kare na zuwa da zafi. Sai ƙiyayyar ta ƙaru. Zai yi shiru a gabanka, ranar da ba ka nan ya huce a kan karen maƙwabci ko ɗan akuya.

Na bakwai, barbara da dandaƙa. Karya takan yi mako 2 zuwa 3 tana jan maza. A wannan lokaci a killace ta, kada a tafi da ita rijiya. Dandaƙa kuwa tana rage wa namiji yawon bin mata da wani sashe na faɗa da ƴan'uwansa maza, amma ba ta maganin faɗan da tsoro ya haifa. Wanda zai yi, ya kai wa likitan dabbobi.

In kuma faɗa ya riga ya kaure, kada kowa ya sa hannu kusa da bakinsu. Kare a cikin faɗa ba ya gane ubangijinsa. A kwara musu ruwa da guga, ko a jefa bargo ko buhu a kansu, ko a cusa tabarma ko faifan ƙofa a tsakani. A kori yara daga wurin. In sun rabu, kowa ya ja nasa nesa, sannan a duba rauni, domin ramin haƙori ƙarami ne a ido amma yana da zurfi kuma yana ruɓa.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi komai nauyi, wato ciwon haukan kare.

Duk faɗan da karenka ya yi da karen da ba ka sani ba, ƙofa ce ga wannan cuta, domin a cikin yawu take, ta hanyar cizo take shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya samu. Abin tsoron shi ne tana ɓuya. Karenka zai dawo da ɗan rauni, ya warke, a manta. Bayan makonni ko watanni sai ya canza. A mutum ma takan yi wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. In ta bayyana kuwa, ba likita ba boka, sai dai a yi haƙuri.

Ku bambance faɗan ƙuruciya da hauka. Mai faɗan ƙuruciya ya san gida, yana ci yana sha, baƙo kawai yake ƙi. Mahaukaci halinsa ke juyawa cikin kwana kaɗan. Zai ciji icce da dutse da igiyarsa, ya ciji na gida, muryarsa ta canza, yawu na dalala, ya bar ruga ya yi ta tafiya. Akwai kuma nau'in da ba ya faɗa, sai dai muƙamuƙi ya saki, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Shanu da jakuna da raƙuma da awaki duk suna kamuwa. Saniya za ta yi ta kuka ba dalili, tana dalala, tana yunƙuri, ta kasa haɗiya. Muna roƙonku da girman Allah, kada wanda ya zura hannu cikin bakin irin wannan dabba don ciro abin da yake zaton ya maƙale. A ware ta, a kira likita.

In kare ya ciji mutum, ko ya yakushe shi, abu na farko a wanke wurin da ruwa da sabulu, a yi ta wankewa har minti 15. Sannan a nufi asibiti a ranar, don a fara allura, kuma a cika ta yadda aka ce. Kada a jira a ga ko ciwon zai warke. Karen da ya yi cizon, in ana iya kama shi ba haɗari, a ɗaure shi a sanar da ma'aikatan kiwo, su sa masa ido kwana 10 zuwa 15. Amma ba a jiran ƙarshen kwanakin kafin a kai mutum asibiti.

Maganin wannan cuta an daɗe da samunsa. Tun 1885 Luwi Pasto na Faransa ya yi wa wani yaro allurar farko ya tsira. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara, ranar da ya rasu, ita aka keɓe a duniya don tunawa da yaƙi da cutar. Masana sun ce in aka yi wa kare 7 cikin 10 allura a wuri, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. An gwada a maƙwabciyarmu Cadi. A Injamena, a 2012 da 2013, an yi wa fiye da kashi 70 cikin 100 na karnukan birnin allura, cutar ta ɗauke na tsawon watanni. Daga baya ta dawo, kuma masu bincike sun danganta dawowarta da karnukan da suka shigo daga waje. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da ke tafiya da karnuka daga Tarka zuwa Ingal da damina, mu gangara kudu har mu ƙetare iyaka da rani. Saboda haka duk kwikwiyon da ya kai wata 3 a yi masa allura, a riƙa sabuntawa yadda likita ya faɗa, a ajiye takardar tare da ta shanu. Ranar da aka zo rigakafin garke, ku tambayi ta karnuka. Kuɗinta bai kai kuɗin ɗan akuya ba, balle saniya, balle ran yaro.

Magana ta ƙarshe ita ce zaman lafiya da mutane. Dokar ƙasa ta ɗora wa mai dabba alhakin ɓarnar da dabbarsa ta yi, kuma kare na ciki. In naka ya kashe karen wani, ko ya yaga tunkiya, ko ya ciji yaro, kada ka kora shanu ka gudu da dare. Wanda ya gudu ya bar wa makiyayin da zai zo bayansa bashi. Ka tsaya, ka je wurin mai gari tare da arɗo ko wani dattijo, ka ba da haƙuri, ka ɗauki kuɗin magani, a sasanta a gaban shaidu. In kuma naka aka cuta, ka bi ta wannan hanya, kada ka rama. Dokar karkara ta 1993 ta sa sulhu a gaban sarakunan gargajiya kafin a je kotu, dokar kiwo ta 2010 kuma ta amince cewa tafiya da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi. Mun sha wuya kafin a rubuta wannan. Duk lokacin da muka je neman a buɗe burtali ko a bar mu mu sha a rijiya, abin da mutanen gari suka gani daga gare mu shi suke tunawa. Kada kare ɗaya ya sa a rufe wa garke ɗari hanya.

Ga ku fatake da dillalai, ku ma kuna da rabo a ciki. Ku ne kuke kwana a kara, kuna ganin karnukan da ke taruwa a bakin kwata. Ku yi magana da mahauta da shugabannin kasuwa a riƙa binne kayan cikin da aka zubar da mushe. Ku gaya wa masu koro muku shanu su zo da igiyar kare. In kun ga kare mai alamun da muka faɗa, ku sanar da ma'aikatan kiwo nan take.

Ku samari, ku bar haɗa karnuka faɗa, ba wasa ba ne. Iyayenmu mata, ku ne kuke ba su abinci, ku ne kuke fara ganin in hali ya canza, ku faɗa da wuri. Ku kuma koya wa yara kada su gudu a gaban baƙon kare, su tsaya cik su kau da ido, kuma in an cije su kada su ɓoye don tsoron faɗa.

Abin da muke roƙo kowa ya koma da shi gida abu uku ne: allura ga kowane kare, igiya a rijiya da burtali, da haƙurin horo maimakon sanda. Wanda bai samu zuwa ba, ku isar masa. Mai iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Allah ya tsare mu da iyalanmu da dukiyarmu, ya ba mu ciyawa da ruwa, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu manoma. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.